Ranar da na tankaɗe maganin murzuna

Shekarun baya, tun ban bar ƙauye na dawo Konni da zama ba, na taɓa yin wani aiki da hannuna wanda har yau in na tuna shi sai kunya ta kama ni. Magana ce da ta wuce. Waɗanda abin ya shafa sun yafe tuntuni, wasunsu ma in an tayar da ita dariya suke yi har da hawaye. Ni ne dai har yanzu ban iya dariyar da kyau ba.

Sai na fara gaya muku halina, in ba haka ba ba za ku gane yadda aka yi ba. Ni mutum ne da in na kulle ɗaki na yi taku goma, sai na koma na ja kwaɗon na tabbatar. In na yi alwala na fara shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu, sabuwa nake yi. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal, wato makarantar boko, ba, amma a ƙauyenmu, can ƙasar Illela, wannan ya isa a riƙa aiko mini in takardar Faransanci ta zo. Mutane suna cewa ina da amana. Gaskiyar ita ce tsoro gare ni, tsoron kada wani abu ya lalace a hannuna.

Damina biyu a jere murzuna tana shiga mana gero. Ga wanda bai san ta ba, tsutsa ce da ke shiga zangarniya daidai lokacin da gero ya fitar da kai yana shirin yin ido. Tana bi tana yanke tsabar daga gindi, tana zagaya zangarniyar kamar an naɗa mata igiya. Daga nesa gona tana nan kore shar, sai ka kama kai ɗaya ka murza, ƙaiƙayi kawai zai zubo maka a tafin hannu. Mahaifiyata tana da gona a gabas da gari, wadda mahaifina ya bari, ni nake noma mata, kuma daga ita gidanmu yake ci. A damina ta biyu rumbunta bai kai mu bazara ba. Shi ya sa a ta uku, tun gero bai gama fitar da kai ba, kullum safiya ina gona ina leƙe-leƙe, kamar leƙen zai hana wani abu.

Wata ranar kasuwar Illela na kai akuyar mahaifiyata, ban dawo ba sai bayan la'asar. Ina shigowa gari aka ce maigari yana nemana. Na same shi a ƙofar gidansa, gabansa ga wasu 'yan jakunkuna na algarara, kowace ba ta fi tafin hannu biyu ba, an ɗinke bakinsu. Abokina yana tsugune a gefe yana cin gyaɗa. Wannan abokin nawa tare muka tashi, amma halinmu ya yi hannun riga. Shi in ya fita ko ƙofa ba ya jawowa.

Maigari ya ce, "Kai munka jira. Malamin gona ya zaka da maganin murzuna, ya yi bayani ya wuce, yana da garuruwa gaba. Ga takarda nan ya bari. Kai ka iya karatun, kuma kai ba ka wasa da abin mutane."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mi ke ciki?"

"Ya yi magana da yawa, rabi Hausa rabi Faransanci. Abin da na riƙe, a rataye su inuwa, kar ruwa ya taɓa su."

Na juya wajen abokina. "Kai hwa, kana wurin?"

"Ina wurin, amma can baya. Mai nama ya tsare ni da labari. A rataya anka ce, mi ad da wuya ga rataya?"

Takardar ba ta da yawan rubutu. Akwai zanen itace da jaka a jikinsa, sannan an ce uku a gabas, uku a yamma, uku a kudu, uku a arewa, uku a tsakiyar gari. A kiyaye su daga ruwa da rana da cinnaka. A sama akwai wani dogon suna da ba Faransanci ba ne, ba kuma Hausa ba, na haɗa baƙaƙensa sau uku na haƙura. Abokina gonarsa tana yamma, sai ya ce shi zai ɗauki na yamma da na kudu. Ya kwashi shida ya watsa a amalanken jakinsa kamar kayan gawayi, ya tafi ya rataye su a yammacin nan. Ni na ɗauki tara na kai ɗaki, na ce abin jama'a ba a yin sa da gaggawa, sai da safe.

Da safe na ɗaga jaka ɗaya, sai na ga wani abu yana motsi a jikin saƙar. Na matsa da ita bakin ƙofa inda haske yake. Tsutsa ce, fara, mai jan kai, ta leƙo ta ramin algararar. Kuma na san ta. Duk wanda ya taɓa ajiye tsaba ko gari a ɗaki ya san ta, ita ce mai dunƙule gari da yana kamar ta gizo-gizo har ya yi wari. Na ɗaga ta biyu na kanga a kunne, na ji ƙus-ƙus a ciki. Ta uku ma haka.

Abin da ya zo mini a rai shi ne, maganin ya lalace. Tsutsa ta shige shi a hanya, ko a inda aka ajiye shi. Kuma yanzu a ɗakina ya kwana, wa zai yarda ba a wurina ta shiga ba? Abu na biyu ya fi wannan tayar mini da hankali. In na rataye jakunkunan nan kusa da rumbunan mutane, ba na kai musu wata ɓarnar a kan wadda suke ciki ba?

Akwai lambar malamin gona a ƙasan takardar. Na hau tudun bayan gari inda ake samun rezon waya, na kira sau uku, wayar a kashe. A nan ne ya kamata na tsaya. Mutane da yawa sun halarci bayanin jiya, da na tambayi biyu ko uku da na sami wanda ya saurara. Amma na ji nauyi. Ni da aka ba takarda don na yi lakwal, ni zan bi gida-gida ina tambayar abin da ke cikin jaka? Kuma in na tambaya, maganar tsutsar za ta fita. Sai na yanke shawarar in gyara abin shiru, in rataya, kowa ya huta.

Na sami mahaifiyata tana dama fura. Na ce, "Inna, ara mini rariyarki da faifai."

"Mi za ka tankaɗe da safen ga?"

Na kwance jaka ɗaya na nuna mata. Tsabar gero ce a ciki da ɗan gari, sai tsutsotsi suna ta yawo. Ta riƙe baki. "Subhanallahi! Su ma masu ilimin tsutsa ba ta ƙyale su ba? To, shanya shi rana ta buge shi da kyau. In ka gama ka sa mai ganyen dogonyaro, ba ta komowa."

Jama'a, ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar na ranar nan ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na warware ɗinkin kowace jaka a hankali don in mayar da zaren a ramukansa. Na zazzage, na tankaɗe, na tsince tsutsa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna da rai sosai, wasu kuwa sun yi laushi ba sa motsi, da wasu 'yan fararen abubuwa manne a jikinsu. Na ce a raina, ka ga har ruɓewa sun fara. A kowace jaka kuma akwai wasu 'yan ƙwari, ɗaya ko biyu, masu fiffike, ruwan ƙasa-ƙasa, ba su kai sauro ba. Da babban yatsa na riƙa murƙushe su. Ɗaya ta tashi ta sauka a bango, na bi ta har can na kashe. Kajin mahaifiyata suka kewaye ni, na riƙa watsa musu tsutsar suna wawa. Na bar geron a rana har azahar, na mayar, na sa ganyen dogonyaro, na ɗinke.

Sannan na rataye su yadda takarda ta ce. Na yanka tsofaffin bido, wato jarkokin roba, na yi wa kowace rumfa don ruwa. Na shafa baƙin mai a igiyar don cinnaka. Ukun gabas na sa ɗaya a gawon da ke tsakiyar gonar mahaifiyata. Na koma gida ina jin na tsare wa gari amana, har ina tausayin mutanen yamma da nasu ya faɗa hannun abokina.

Bayan kamar sati biyu na ga alamar farko a gonarmu, wani ɗan farin layi a jikin zangarniya. Kwana uku a kai, duk inda na juya ita ce. Gonakin maƙwabtanmu na gabas da na arewa ma haka. Na sake karanta takardar har ta fara yagewa a ninkin. Na auna tsayin da na rataye jakunkunan. Na canja wa ɗaya reshe. Abinci ya daina shiga mini.

Ana cikin haka abokina ya shigo gidanmu da tumu uku gasassu, kowanne cike da ido har baki. Ya miƙa wa mahaifiyata. "Inna, ga na gonata, ki taɓa." Na tambaye shi yadda ya rataye nasa. Ya ce, "Oho. Guda ma ta faɗi, na tura ta cikin rassan wata aduwa. Kai dai ka cika damuwa, shi ya sa murzuna ta san gidanku."

A sati na uku malamin gona ya dawo a kan moto, wato babur, don ya ga yadda aiki ya yi. Mutum ne mai fara'a, mai son bayani. Maigari ya sa ni da abokina mu raka shi, muka fara da yamma. Ya shiga gonar abokina ya kama wata zangarniya mai ɗan tabo, ya buɗa ta da farce. Murzuna tana ciki, amma matacciya, ta yi baƙi ta shanye kamar tsohon zare. A gefenta ga wasu 'yan fararen kwasfa jere. Ya yi murmushi, ya ciro wani madubi mai ƙara girman abu daga aljihu ya miƙo mini.

"Duba nan. Sun yi aiki."

Na ce, "Malam, su wa?"

"Ba ka wurin bayani? To, ka taɓa fasa ɗakin zanzaro?"

"Na taɓa."

"Mi ka gani ciki?"

"Tsutsa."

"Uwar zanzaron ta kai ta, don ɗiyanta su ci. To, wanga ɗan ƙwaro danginta ne, sai dai shi ƙarami ne ƙwarai, kuma ba ya gini. Macen tana neman murzuna har cikin zangarniya, ta harbe ta ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta. Ɗiyan su ƙyanƙyashe su cinye ta, su yi fiffike, su ma su tafi neman wata. Uwaye biyu muke sa wa kowace jaka. Cikin kwana takwas zuwa goma ɗiyansu sun fara fita ta ramukan algarara suna bazuwa gonaki."

Ya sake kama wata zangarniya, sai ga ɗaya tana tafiya a kai. Ruwan ƙasa-ƙasa, ba ta kai sauro ba. Na sa madubin na dube ta. Ita ce. Irin wadda na bi har bango.

Na mayar masa da madubin, na ce, "Malam, tsutsar da ke cikin jakar hwa?"

"Mu munka zuba ta. Kiwonta muke yi a buro, wurin aikinmu, don wannan. Ita ce abincin ɗiyan farko, in babu ita babu komi. Geron ma don tsutsar ne, ba magani ba ne."

Ban san yadda na taka daga yamma zuwa gabas ba. Da muka isa gonar mahaifiyata malamin gona ya tsaya cak, fara'arsa ta ɗauke. Ya buɗa zangarniya biyar, shida, ko matacciya ɗaya babu. Ya ɗaga kai ya ga jakar a jikin gawo da rumfarta da igiyarta mai baƙin mai, ya ce, "Rataya dai ban ga wadda ta kai wagga kyau ba." Ya sauke ta ya yanke ɗinkin ya zazzage a hannunsa. Gero tas, kamar za a kai surfe, da busasshen ganyen dogonyaro.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Wa ya taɓa wagga jaka?"

Na ce, "Ni ne." Na faɗa masa komai, tun daga tsutsar da ta leƙo har ɗinkin.

"Guda nawa?"

"Tara."

"Duka taran?"

"Duka."

"Ina tsutsar?"

"Kaji."

Ya cire hularsa ya zauna a kan kunyar gona. Abokina ya fashe da dariya har ya dafa gawo, yana cewa, "Kajin Inna sun cinye maganin gari!" Sai idonsa ya sauka a kan gonar, ya daina dariyar.

Na durƙusa gaban malamin na ce ko akwai wasu jakunkunan, ko nawa ne nisan zan je in ɗauko yau. Ya girgiza kai. Ya ce ko an kawo yanzu an makara, murzunar ta riga ta ƙoshi, ta fara sauka ƙasa inda za ta kwanta har baɗi. Ƙwarin yamma za su iso nan, amma bayan an gama ɓarna. Ya ce, "Laifina na ciki, da na rubuta a takarda kar a buɗe. Ban taɓa zaton wani zai tankaɗe ba." Ba da faɗa ya faɗe ta ba, mamaki ne kawai a muryarsa, kuma wannan ya fi mini zafi.

Mahaifiyata na fara gaya wa. Tana zaune tana tsinkar zogale, ta saurare ni har na gama. Sannan ta kalli kajinta da ke tono a gindin rumbu. Ta ce, "Ashe mai taimakonmu munka kashe, munka bar ɓarawon." Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. "Rariyar wa? Wa ya ce a sa dogonyaro? Tashi ka ci abinci, ka rame kamar kara."

Bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa wa mutane da bakina, don ba zan iya jira su ji a wani wuri ba. Wasu suka yi salati, wasu suka yi tsaki suka wuce. Wani dattijo da gonarsa ke jikin tamu ya matso kusa da ni. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wata zangarniya da ya tsinko da safe, ya ɗora mini a hannu, ya tafi. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na gwammace ya zage ni. Maigari ne ya kashe maganar, ya ce, "Ni anka yi wa bayani ban ji ba, na kuma ji kunyar in ce a maimaita. Shi ya ji kunyar tambaya. Kowa ya ɗauki nashi."

Da kaka ta yi, abin da muka ɗaure a gonar mahaifiyata ko rabin rumbu bai kai ba. Ina tsaye ina kallon rumbun ina tunanin inda za mu dosa, sai na ji kukan jaki a ƙofar gida. Abokina ne da amalanke cike da dammuna. Ya ce mutanen yamma da na kudu ne suka haɗa, kowa abin da ya iya, ana raba wa gidajen gabas da na arewa, wannan na Inna ne. Ya hau rumbun da kansa yana jerawa, yana cewa, "Sarkin tankaɗe, miƙo mini. A hankali hwa, kar ka tsince su." Da wannan geron da ɗan waken da muka samu muka ga wata damina. Sunan kuwa ya bi ni har yau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba asarar ba ce kaɗai. Kafin ranar nan, a wurina halittun gona kashi biyu ne, masu amfani da masu ɓarna, kuma aikin mutumin kirki shi ne ya raba su. Ban taɓa kawo wa raina cewa mai ɓarnar rumbu zai iya zama abincin mai ceton gona ba, ko cewa abin da bai kai sauro ba yana iya tsare abincin gari guda. Na yi shekaru ina shiga gona kullum safiya, ana wannan farautar a kan zangarniyar da nake riƙe da ita, ban sani ba. Har yanzu in ƙaramin ƙwaro ya sauka mini a hannu, sai na kai shi kusa da ido na duba kafin in yi wani abu. Kuma in ban gane abu ba ina tambaya, ko da a gaban mutane ne, ko da za a yi mini dariya. Damuwar dai ba ta bar ni ba, har gobe ina komawa in ja kwaɗo.

Da damina ta zagayo malamin gona ya sake kawo jakunkunan, a wannan karon ina zaune a sahun gaba, na sa shi ya maimaita bayanin sau biyu. Da ya gama, maigari ya tura mini duka sha biyar ɗin gabana, ya ce babu wanda zai kiyaye su kamar wanda ya san abin da ke ciki. Na shiga gida da su a rungume, ina jin ƙus-ƙus ɗin tsutsar a ƙirjina. Na kalli ƙusar da mahaifiyata take rataye rariyarta, babu komai a wurin.

Na ce, "Inna, ina rariyarki?"

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ta tahi gidan maƙwabta. Ba ta komowa sai an yanke gero."